Tangaran ɗin Meissen: ya dace kuɗin haraji ya ci gaba da riƙe abin da sarki ya bari?

A ɗakin Innarmu akwai wasu kofuna shida na tangaran da ke cikin kabet, tun ina yaro har na girma ban taɓa ganin an sha shayi da su ba, sai dai ranar jajibirin Sallah a fito da su a goge a mayar, kuma in ka kuskura ka miƙa hannu za ka ji ta daga tsakar gida tana cewa kai, ajiye min, faɗi-ka-mutu ne. Su na tuna ranar da na tsaya a garin Meissen na ƙasar Jamus, lokacin da na je wajen wani ƙanena da ke karatu a Dresden ya ce dole sai ya kai ni na ga inda Turawa suka fara yin tangaran. Tafiyar a jirgin ƙasa ba ta kai awa ɗaya ba. Tun daga ranar nake bin labarin wajen, musamman gardamar da mutanen jihar Saksoni, inda garin Meissen yake, ke yi a kansa, wato ko ya kamata gwamnati ta ci gaba da zuba kuɗin jama'a a masana'antar da wani basarake ya kafa don jin daɗin kansa shekara 300 da wani abu da suka wuce. Ni dai ina ganin ya kamata, amma ba don dalilin da aka fi faɗa ba.

Kafin 1700 babu wanda ya iya yin tangaran na gaske a Turai kaf. Daga ƙasar Sin ake kawo shi, akasari daga garin Jingdezhen, sai kuma Japan, a jiragen ruwa na 'yan kasuwar Holan da Fotugal da Ingila. Turawa suna da tukwanensu da farantansu na yumɓu, amma wannan farin abu mai tauri wanda in ka ɗaga shi a rana haske na ratsa shi, in ka ɗan buge shi da farce ya yi ƙara kamar ƙararrawa, sun yi ta gwadawa sun kasa. Har suna kiransa farin zinare. Toh a cikin masu haukan sonsa babu kamar Agustus mai laƙabin Ƙaƙƙarfa, sarkin Saksoni, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarkin daular Jamusawa ta wancan lokaci, kuma sarkin Polan. Shi da kansa ya kira abin nasa ciwon tangaran. Ya tara sama da guda 20,000. A 1717 ya ba sarkin Purushiya, wata ƙasar Jamusawa mai babban birni a Balin, sojojin doki 600 aka ba shi tangaran ɗin Sin guda 151, kuma har yau wasu daga cikin manyan tulunan suna gidan tarihi na Zwinger a Dresden ana kiransu da sunan sojojin. Na tsaya gabansu na daɗe, shuɗi da fari ne, kyawawa ƙwarai, tsawonsu ya kusa ƙugun mutum ko ya ɗan wuce, amma wallahi abin da ke raina shi ne mutum 600 ɗin nan masu iyaye da mata da 'ya'ya da aka musanya da tulu ba tare da an tambaye su ba.

Wanda aka fi danganta gano sirrin da shi kuwa ba ma tangaran ya fito nema ba. Johann Friedrich Böttger yaron mai haɗa magani ne a Balin, ya yi ta baza cewa ya iya mai da ƙarfen banza ya koma zinare, labari ya kai kunnen sarkin Purushiya aka ce a kamo shi, sai ya tsere a 1701 yana ɗan shekara 19 ya shiga ƙasar Saksoni. Gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago, don Agustus ya fi kowa buƙatar zinare, yaƙe-yaƙe da gine-gine sun cinye masa baitulmali. Ya sa aka tsare yaron aka ce sai ya yi zinaren. Ya taɓa guduwa aka kamo shi. Zinare bai samu ba, ba kuma zai taɓa samuwa ba, abin da ya cece shi shi ne haɗa shi da aka yi da wani masani, Ehrenfried Walther von Tschirnhaus, wanda ya daɗe yana narka ƙasa iri-iri da manyan madubai masu tattara zafin rana, da kuma masu haƙar ma'adinai da masu narka ƙarfe daga garin Freiberg waɗanda su ne suka san ƙasa da wuta a aikace. Da farko suka samu wani jan yumɓu mai tauri sosai, sannan a 1708 fari ya fito daga tanderu. Tschirnhaus ya rasu a ƙarshen wannan shekarar, shi ya sa har yau ake jayayya kan waye ainihin mai aikin. A ranar 23 ga Janairu 1710 Agustus ya fitar da sanarwar kafa masana'anta, aka kai ta cikin fadar Albrechtsburg da ke kan tudu a Meissen a bakin kogin Elbe, ba don kyan wajen ba, don yana da sauƙin gadi. A 1713 aka fara sayar da farin a kasuwar baje koli ta Leipzig. Böttger bai samu 'yancinsa ba sai 1714, ya mutu a 1719 yana da shekara 37, hayaƙin tanderu da guba da giya sun gama da jikinsa.

Sirrin kansa in an faɗe shi a baki ba shi da tsawo. Farin yumɓu ne da ake kira kawolin, sunan ma daga wani tudu ne kusa da Jingdezhen, a haɗa shi da wasu duwatsu da aka niƙa, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,400. Shikenan. Amma nawa za a zuba na wannan nawa na wancan, yaya za a wanke ƙasar, yaya za a gina tanderun da zai kai wannan zafin ba tare da kayan sun lotsa ba, wannan duk a kan mutane yake da hannunsu, ba a takarda ba. Agustus ya san haka, shi ya sa ya mai da fadar kamar gidan yari, aka raba aikin yadda ba mai sanin duka, aka rantsar da ma'aikata. Duk da haka zancen duniya ba ya ɓuya. A 1719 wani ma'aikaci Samuel Stölzel, wanda ya san haɗin ƙasa da gashi, ya sulale ya tafi Viyana ta ƙasar Ostiriya inda aka buɗe sabuwar masana'anta, tafiyar mutum ɗaya tak ta karya wa sarki kakagidan da ya yi. Bayan shekara ɗaya ya dawo don ba a cika masa alkawarin kuɗi ba, ya zo da wani matashin mai zane, Johann Gregorius Höroldt, wanda shi ya ƙirƙiro launukan da suka ɗaukaka sunan Meissen. Wannan labarin na Stölzel shi ne ginshiƙin ra'ayina gaba ɗaya, zan dawo kansa.

Daga nan sai zamanin ɗaukaka. Wajen 1722 aka fara sa tambarin takubba biyu a gicciye a ƙasan kowane kaya, daga tambarin sarautar Saksoni aka ɗauko, kuma yana cikin tsofaffin tambarin kasuwanci da ake amfani da su har yau. A 1731 Johann Joachim Kändler ya shigo, shi ne ya ƙera manyan dabbobi da tsuntsaye na tangaran don fadar sarki, wasu sun tsattsage a wuta saboda girmansu kuma har yau ana ganin tsagar, shi ne kuma ya jagoranci yin jeren kayan cin abinci mai siffar tsuntsayen ruwa sama da guda 2,000 na waziri Heinrich von Brühl. Akwai wani zane shuɗi da ya fi kowanne shahara da suke kira zanen albasa, alhali ba albasa ba ce, rumman ne da wasu 'ya'yan itacen Sin da aka kwaikwayo daga farantan can, mutanen Saksoni ba su san su ba sai suka ga kamar albasa, sunan ya zauna.

Sauran sarakunan Jamus, kuma a lokacin suna da yawan gaske, kowa da 'yar ƙasarsa, sai kowa ya ce shi ma sai ya yi nasa. Höchst a 1746, Fürstenberg da Nymphenburg a 1747, Frankenthal a 1755, Ludwigsburg a 1758, Fulda a 1764. Karl Eugen na Württemberg da ya kafa ta Ludwigsburg bai ɓoye ba, a takardar kafawar ya nuna cewa masana'antar tangaran abu ne da ƙawa da martabar sarauta ke buƙata. Wato ba riba ake nema ba, nuna isa ne, kuma talakan ƙasa ne ke biya. Na Balin ma ya fi muni, Frederick na Biyu sarkin Purushiya bayan ya mamaye Meissen a yaƙin shekara bakwai ya kwashi abin da ya kwasa, ya sayi masana'antar Balin a 1763, sannan daga 1769 ya tilasta wa Yahudawan ƙasarsa sayen tangaran ɗinta kafin a ba su wasu izini kamar na aure ko sayen gida, su je su sayar a waje ko da faɗuwa ne. Duk wanda zai kare waɗannan masana'antu yau ya kamata ya fara faɗin wannan, kada a rufe shi da furannin da ke kan faranti.

Kuma dubi ƙarshen yawancinsu. Ta Fulda wani basaraken coci ne ya kafa ta, ya mutu, a 1789 aka rufe. Frankenthal ta mutu wajen 1800 da yaƙin Faransa. Ludwigsburg an rufe ta a 1824, an farfaɗo da sunan bayan yaƙin duniya na biyu, a 2016 ta sake rufewa. Meissen ta rayu ne saboda ta fita daga aljihun mutum ɗaya ta koma hannun hukuma. A 1863 aka fitar da ita daga fadar aka kai ta kwarin Triebisch inda take yanzu. A 1945 da yaƙi ya ƙare sojojin Sobiyet sun kwance injuna sun tafi da su, ma'aikata suka sake tada aiki da abin da ya rage, a 1950 ta zama mallakar gwamnatin Jamus ta Gabas, wadda duk gurguzunta ba ta rufe masana'antar sarakuna ba don tana kawo mata kuɗin waje. Tun 1991 kuma jihar Saksoni ce mai ita ɗari bisa ɗari.

Yanzu ga inda gardamar take. Mutane sun daina sayen jeren faranti na mutum goma sha biyu a ajiye a bar wa magada, matasa suna son abin da za su jefa a injin wanke-wanke, tangaran mai araha daga Asiya ya cika kasuwa. Bayan 2008 sabbin shugabannin masana'antar suka ce mafita ita ce a mai da sunan Meissen na kayan ƙawa gaba ɗaya, aka shiga sarƙoƙi da zobba da gyale da riguna da kujeru, har aka buɗe katafaren gida a Milan na Italiya. Abin bai ci ba, aka tafka asarar miliyoyin yuro, gwamnatin jiha ta ba da bashi don kada a durƙushe, a 2019 aka sanar da rage ma'aikata wajen 200, kusan kashi ɗaya cikin uku. Toh mai biyan haraji a Saksoni, ma'aikaciyar jinya ko direban bas, in ya ce me ya sa kuɗina zai tafi wajen yin kofin da guda ɗaya zai iya haura yuro 100, wanda ni ba zan saya ba, alhali makarantar yarana na neman malamai, gaskiya tambayarsa tana kan hanya kuma ba na jin an cika ba shi amsa ta mutunci. Mu ma da muka san yadda kalmar tallafi kan zama rami mara ƙasa ba za mu raina wannan tambayar ba. Akwai masu cewa a sayar kawai, ai Balin ta sayar da tata a 2006 wani mai banki ya saya kuma tana nan, Nymphenburg ma tun 2011 tana hannun wani ɗan gidan sarautar Bavariya.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce tarihi da martabar jiha da 'yan yawon buɗe ido. Ni wannan amsar ba ta gamsar da ni, don in tarihi ne kawai ai gidan tarihi ya isa, a jera tulunan Agustus a bayan gilashi a sallami kowa. Abin da ya sauya min tunani shi ne abin da na gani a ɗakunan da suke nuna wa baƙi yadda ake aikin. Akwai wata mata da ke zana zanen albasar nan a kan farantin da aka yi wa gashin farko kawai, ba a shafa masa ruwan ƙyalli ba tukuna. A wannan matakin farantin kamar busasshiyar ƙasa yake, da buroshi ya taɓa shi ya shanye launin nan take, babu gogewa babu gyara, in hannu ya karkace farantin ya tafi. Launin ma ba shuɗi ba ne a lokacin, wani toka-toka ne mara kyau, sai ya shiga wuta yake komawa shuɗi, wato tana zana abin da ba ta gani ne sai a cikin kanta. Tana juya farantin da hannun hagu, dama na tafiya ba tsayawa, ba ta ko kallonmu. A ɗaki na gaba wani yana haɗa ɗan mutum-mutumi daga gutsattsari da aka fitar daga abin zubi daban-daban, hannu daban kai daban, yana liƙawa da ruwan yumɓu yana share gaɓar da ɗan tsinke har ba za ka ga mahaɗa ba, kuma suka nuna mana biyu gefe da gefe, na kafin wuta da na bayan wuta, na biyun ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Duk wanda ke ƙerawa dole ya riƙe wannan raguwar a kansa tun daga farko. Hatta takubban nan biyu da hannu ake zana su a ƙasan kowane kaya.

Nan ne na tuna Stölzel. Tun ranar farko dukiyar wajen nan ba gini ba ce, ba ma takardar haɗin ba ce, mutane ne, shi ya sa sarki ya kulle su, shi ya sa tafiyar mutum ɗaya ta isa ta kafa wata masana'anta a wata ƙasa. Suna da rumbun abubuwan zubi da aka ce sun kai 700,000 da haɗin launi wajen 10,000, amma duk wannan tarkace ne in babu hannun da ya san yadda ake amfani da shi, kuma hannun ba ya samuwa daga littafi ko bidiyo, sai yaro ya zauna kusa da gwani sama da shekara uku kafin a ce ya fara, sannan wasu shekarun kafin a bar shi da aiki mai wuya. Makarantarsu ta koyar da zane tun 1764 take. Duk wanda ya tashi a gidan maƙera ko marina ko dukawa ya san wannan, in tsara ɗaya ta tsallake sana'a ba ta koya ba, ta tafi kenan, jikoki sai dai su nuna maka kayan aikin kaka a rataye. Injin da aka kwance a 1945 an iya maye gurbinsa saboda masu aikin suna raye. Da mutanen aka rasa aka bar injin, da yau babu Meissen.

Shi ya sa nake ganin ɗan kasuwa mai zaman kansa ba shi ne amintaccen mai riƙon wannan ba, ko da na Balin ya yi sa'a. Mai saye yana iya zama mutumin kirki, amma zai tsufa, magada za su zo, kuma abin da ya fi tsada a kasuwa shi ne tambarin takubban, ba matar da ke zane ba. Hanya mafi sauƙi ta cin riba ita ce a riƙe tambarin a buga zanen da inji a wata ƙasa mai arhar ma'aikata. Abin da ya kashe Fulda kenan ta wata fuska, rayuwarta ta rataya a kan son mutum ɗaya. Kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gwajin kayan ƙawan nan da aka yi a ƙarƙashin gwamnati ma wannan tunanin ne, aka ɗauka sunan ne dukiyar, aka kai kuɗi Milan, da asara ta zo kuma masu hannun ne suka rasa aiki.

Don haka goyon bayana yana da sharaɗi. In jihar Saksoni za ta ci gaba da biya, ta fito fili ta ce wa jama'arta muna biyan kuɗi ne don riƙe wani ilimi, kamar yadda ake biyan gidan kaɗe-kaɗe ko ɗakin karatu ba tare da an ce su kawo riba ba, ta sa adadin a kasafin kuɗi kowa ya gani a yi muhawara a majalisa, maimakon a yi ta cewa baɗi za a ci riba ana ba da bashi a bayan fage. Ɓangaren ciniki ya riƙe kansa da kansa, in zai faɗi ya faɗi, kada ya ja ɓangaren koyarwa. Kuma tunda kuɗin kowa ne, to ilimin ma ya daina zama a kulle irin na zamanin Agustus, a buɗe wa ɗaliban zane da ƙananan magina ƙofa su shigo su koya su yi amfani da rumbun, a kuma yi abin da talaka zai amfana da shi ko bai sayi kofi ba. Irin wannan ma akwai shi. A tsakiyar Dresden akwai wani dogon bango mai mita 102 da aka lulluɓe da tayil ɗin Meissen wajen 23,000, an gama shi a 1907, hoton jerin sarakunan Saksoni ne a kan dawaki kamar hawan daba, kuma da aka yi wa birnin ruwan bama-bamai a Fabrairun 1945 gari ya ƙone amma bangon ya tsira kusan duka, don tayil ɗin sun riga sun ga wutar da ta fi wannan a tanderu. Ba a biyan ko sisi a kalle shi, ranar da muka bi ta wajen yara 'yan makaranta ne cike da titin, malamarsu na nuna musu ƙarshen jerin inda bayan sarakuna aka zana talakawa a ƙasa, da mai haƙar ma'adinai da manomi da yara. A Meissen kuma hasumiyar cocin da ke bakin kasuwa tana da ƙararrawa 37 na tangaran tun 1929, mai sayar da burodi da mai shara duk suna jinsu kyauta.

Da ni ɗan majalisar jihar ne, in shugaban masana'antar ya zo neman kuɗi, kafin ya buɗe takardar ciniki zan tambaye shi yara nawa ya ɗauka koyo bana, nawa daga cikin na shekara biyar da suka wuce suke nan har yanzu, kuma gwanaye nawa ne za su yi ritaya ba su bar magaji a kujerarsu ba. Matar da na gani tana zanen albasa gashin kanta ya fara fari, kujerar da ke kusa da ita kuma ranar babu kowa a kai.